Tambayi Likita: Me ya sa olsa take dawowa bayan wankin ciki?

Wani ɗalibi daga Samaru: Likita, yaji ne ke kawo olsa?

A'a, ɗana. Yaji yana tayar da zafin gyambon da ke akwai, amma ba shi ke haifar da shi ba. In yana damunka, ka rage.

Wata amarya daga Tudun Wada: Maigidana yana da olsa, zan iya ɗauka?

Gyambon ba a ɗaukarsa, amma ƙwayar da ke kawo shi tana yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa, hannu marar tsafta da yawu, galibi tun ana yara. Ku dinga wanke hannu da sabulu. In kin fara jin ciwo, ki je a gwada ki.

Wata Hajiya daga Ƙofar Doka: Na daɗe ina fama da zafin ciki. Kullum da safe nakan jiƙa kanwa in sha, kuma na sha maganin wankin ciki sau da dama. Sai ya lafa, ya dawo. Me ya rage?

Hajiya, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ki ba ni aron kunne, domin wasiƙarki ce ta fi damuna.

Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sunanta Helicobacter pylori. Likitoci biyu a ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ruwan tumbi yana da tsami mai ƙona yawancin ƙwayoyi, amma ita wannan tana fitar da sinadarin da ke kashe kaifin tsamin a kewayenta. Daga nan sai ta kutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, ta kama.

Kamun nan shi ne maganar. A jikinta akwai wasu ƙananan ƙugiyoyi na furotin, kowace da inda take maƙalewa, kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin zane. Ɗaya, wadda ake kira BabA, tana kama wani sukari da ke saman furotin ɗin bangon tumbi, dangin wanda ke bambanta rukunin jini. In wurin ya kumbura, sai wata mai suna SabA ta samu sabon wurin kamu, wato ciwon ma ƙara mata gindin zama yake yi. Ta uku, HopQ, tana riƙe furotin ɗinmu mai suna CEACAM. Da ta zauna daram, wasu nau'o'inta sukan tsira wa ƙwayoyin halittar bangon wani dafi, CagA. Shekaru ana haka sai gyambo, wani lokacin ma daji. Tun 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu haddasa dajin tumbi.

To ki gaya mini, Hajiya, ta yaya zawo zai ɓamɓare abin da ya yi irin wannan kamu? Masu yawo da lasifika a kasuwa suna cewa za su wanke ciki tas, wallahi abin yana ɓata mini rai. Ruwan jikinki kawai suke zubarwa. Kanwa kuwa tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, ƙwayar tana nan, ga gishirin da ke cikinta yana tayar da hawan jini. A nan Zariya likitoci suka daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Don Allah ki daina.

Ki je asibiti a yi miki gwajin bahaya ko na numfashi, kuma ki faɗi duk maganin da kike sha, don omeprazole, maganin rage tsamin ciki, yana iya ɓoye ƙwayar. In an same ta, za a haɗa miki magungunan kashe ƙwayoyi aƙalla biyu da na rage tsami, yawanci na kwana 14. Ki shanye duka ko da kin ji sauƙi, sannan a sake gwaji bayan wata guda. In kuwa kin ga baƙin bahaya, ko aman jini, ko rama ba dalili, kada ki kwana a gida, ki nufi Asibitin Koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa. Da tsawon lokacin da kika ɗauka ma, kada ki bari makon nan ya wuce.

Wani mai Keke Napep daga Sabon Gari: Ina shan diclofenac kullum saboda ciwon jiki, ga kuma olsa.

Malam, ka tsaya yau ɗin nan. Shi da ibuprofen suna cinye bangon tumbi har ya yi jini ko ya huje. Ka koma paracetamol kafin ka ga likita, kuma kada ka jinkirta zuwa.