Tokin ya ƙi shiga ta RDP, kada ka kashe NLA

Ɗana, ka ce ka haɗa ƙananan kwamfutocin nan marasa faifai da saba ta RDP, wato hanyar shiga Windows daga nesa, kalmar sirri tana shiga lafiya, amma da an soka tokin, 'yar na'urar da ke shaida mai shiga, sai a ƙi mutum, kana tambaya ko ka kashe NLA ka huta. Kada ka taɓa shi. NLA shi ne ke tantance mutum tun kafin saba ta buɗe masa allon shiga. Idan ka cire shi ka rufe ciwon ne da ƙyalle, kuma ka bar saba a fili. Haka ƙofar RDP ta 3389, ba a buɗe ta ga intanet. Wanda ke waje ya biyo ta RD Gateway, sabar da ke tsaron mashigar RDP, a ƙofa ta 443, ko ta VPN, rufaffiyar hanyar shiga cibiyar sadarwar cikin gida.

Fara da sanin irin tokin da ke hannunka. Idan mai nuna lambobi shida ne da ke canzawa duk daƙiƙa 30, RDP ba shi da gurbin rubuta su, don haka a matakin VPN ko shafin shiga za a tambaye su, a tura wa sabar RADIUS, mai tantance su, ta ƙofar UDP 1812. Matsalarsa galibi ɗaya ce cikin uku: agogon sabar ya kauce, ko kalmar sirrin da ke tsakanin sabobin biyu ba ta yi daidai ba, ko lokacin jira ya yi kaɗan. A NPS, wato sabar RADIUS ta Windows, daƙiƙa 3 yake zuwa da shi, ɗaga shi zuwa 60 idan mutum zai amince ta waya.

Naka kuwa, tunda sokawa ake yi, irin su YubiKey ne ko kati mai satifiket, wato shaidar dijital ta mai shi, kuma nan aikin yake.

Duba agogon ƙaramar kwamfutar tukuna. Kerberos, tsarin da Windows ke tantance masu shiga da shi, ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5 tsakaninta da sabar domen, mai riƙe da asusun ma'aikata. Waɗannan na'urori sukan daɗe a ajiye, batirin CR2032 na cikinsu ya mutu, su tashi da kwanan watan shekarun baya, satifiket kuma ya zama kamar lokacinsa bai yi ba. Canza batirin, ka nuna mata sabar NTP mai daidaita agogo, ka tabbata ƙofar UDP 123 a buɗe take.

Sannan ka ga ko na'urar tana ganin tokin. Idan Linux ce a ciki, buga lsusb, sannan pcsc_scan, ka tabbata pcscd, manhajar da ke kula da kati, yana aiki. Ga inda yara da yawa ke faɗawa: suna tura tokin zuwa saba a matsayin kayan USB kawai. Da ka yi haka saba ce ta ƙwace shi, alhali ƙaramar kwamfutar tana buƙatarsa tun kafin a haɗu, domin da shi za ta amsa wa NLA. Cire shi daga jerin USB da ake turawa, ka kunna tura kati a saitin RDP.

Rubuta cikakken sunan saba, kada ka sa lambar IP, saboda Kerberos da suna yake ba da tikiti. Kuma ka tabbata ƙaramar kwamfutar tana iya kaiwa ga sabar domen ta ƙofa ta 88.

Idan duk wannan ya yi, saura satifiket. Soka tokin a kwamfutar Windows ka buga certutil -scinfo. Satifiket ɗin ya kasance a gurbi na 9a, yana da izinin shiga da kati, sunan ma'aikacin da ke ciki kuma ya dace da na asusunsa. Hukumar da ta sa masa hannu ta kasance cikin ma'ajiyar NTAuth, jerin hukumomin da domen ya amince da su, sabar domen ma tana da nata satifiket mai rai. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne jerin satifiket da aka soke. Idan wa'adinsa ya ƙare ko ba a iya kaiwa gare shi, kowa zai tsaya a waje lokaci ɗaya. Leƙa bayanan sabar domen, lambobi 4768 da 4771 za su nuna maka dalilin ƙin.

Kafin ka miƙa tokin ga mai shi, idan YubiKey ne, canza PIN ɗin kamfani 123456 da PUK 12345678, lambar buɗe shi idan ya kulle, ka gaya masa kuskure uku ke kulle shi. Saita Windows ta kulle allo da zarar an zare tokin. Idan kuma ƙaramar kwamfutar mai Windows IoT ce, kashe kariyar rubutu, mai hana canji zama a na'urar, kafin ka fara saiti, ka mayar da ita bayan ka gama, in ba haka ba duk abin da ka yi zai goge da an sake kunna ta. Gwada a kan na'ura ɗaya, kashe ka kunna sau biyu, sannan ka kwafa saitin zuwa sauran.