Tambaya da amsa: MP3, WAV da muryar Kaka

Wani ɗan uwa daga Tawa ya rubuto: "Na ɗauki muryar kakata tana ba da tarihin gidanmu. Na matse ta zuwa ƙaramin MP3 don katina ya cika, na goge ta asali. Yanzu muryar tana shaƙewa. In na maida ta WAV za ta gyaru?"

Ɗan uwa, ba za ta gyaru ba, kuma wannan abu yana ci mini rai. Ka zuba tiya guda ta gero cikin babban buhu, geron ya ƙaru? Haka WAV ɗinka, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, zai kasance: fayil ya kumbura, murya tana nan a shaƙe. Shi MP3, da aka ƙera a Jamus, dabararsa ita ce ya zubar da sautin da yake ganin kunne ba zai lura ba. Abin da ya zubar ya tafi. Kowace sabuwar matsa kuma sai ta ƙara yanke wani abu.

Na san wuri ne matsalarka. Minti guda na WAV mai ingancin faifan CD yana cin wajen mega 10, MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa kuwa mega 1 kacal. To amma bidiyon barkwanci nawa ke jibge cikin wayarka, har muryar Kaka ce ka ga ta yi nauyi? Da FLAC ka yi, wato salon matsa da ba ya zubar da komai, da ya rage kusan rabin girman WAV ba tare da ya taɓa sautin ba. Ni duk muryar dattijo da na ɗauka, FLAC nake ajiyewa wuri biyu, in fitar da MP3 don rabawa dangi. In Allah ya sa Kaka tana raye, ka koma gabanta wannan satin ka sake ɗauka.

Wata Hajiya daga Yamai ta ce saƙon murya na WhatsApp ya ƙi tashi a rediyonta mai cin kati. Hajiya, saƙon da salon matsa mai suna Opus yake, yawancin waɗannan rediyoyin ba su san shi ba. A maida miki MP3 da manhajar VLC.

Wani malami yana son tafsirin azumi duka ya shiga kati guda. Allah gafarta Malam, magana ce ba kiɗa ba: MP3 mai kilobit 64 ya wadatar, awa guda ba ta kai mega 30 ba.

Mai tambaya ko ya sauya fayil ɗin sauti na M4A na iPhone: AAC ne a ciki, wani salon matsa irin MP3, sautinsa lafiya lau, bar shi yadda yake.