Dalilin da ya hana Coco Gauff yawan shiga gasa tana shekara 15

Kin tambayi abin da ya sa Coco Gauff, 'yar wasan tennis ta Amurka, ba ta cika fitowa gasa ba bayan ta doke fitacciyar 'yar wasa Venus Williams a gasar Wimbledon a 2019. Dokar hukumar WTA, mai kula da wasan tennis na mata, ce ta taƙaita mata, domin 'yar shekara 15 gasa goma aka yarje mata a shekara, sai ɗan ƙari idan ta nuna bajinta, kuma takunkumin ba ya sauka sai ta cika 18.

Ina goyon bayan wannan doka, domin a filin da nake horo na ga yarinya 'yar shekara 14 da aka matsa mata da wasa kullum har kafaɗarta ta kumbura, ta kasa ɗaga hannu ta buga ƙwallo.