Ga ɗalibi mai shirin zuwa Masar: ƙwayar halitta da rinin Gram

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka samu gurbin karatun likitanci a Masar, kana son sanin abin da za ka fara bita kafin tafiya. Fara da ƙwayar halitta, amma ba irin haddar WAEC ba, don a nan gaban maikiroskop za a zaunar da kai a ce ka nuna.

Iri biyu ce. Furokariyot, kamar bakteriya, ba ta da ɗakin da ke killace DNA. Zarenta galibi zagaye ne guda ɗaya, a zube cikin ruwan ƙwayar. Bakteriyar E. coli tsawonta kamar maikiromita 2 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Yukariyot kuwa, irin ta jikinmu da tsirrai da yis, tana da wannan ɗakin, wato nukiliyas, da maitokondiriya mai samar da kuzari, girmanta yawanci maikiromita 10 zuwa 100.

Ga inda abin ya shafi likita. Bakteriya tana da bangon feftidogilaikan, ƙwayoyinmu ba su da shi, shi ya sa penisilin ke hana ta gina bangon har ta fashe, kai kuma ko a jikinka. Raibozom ɗinta, wato inda take haɗa furotin, nau'in 70S ne, namu 80S; a 70S ɗin ne maganin tetirasaikilin ke kama ta. Ƙwayar maleriya yukariyot ce, ba ta da wannan bango, don haka mai shan amoksisilin saboda zazzaɓin cizon sauro kuɗinsa kawai yake zubarwa.

A ɗakin gwaji, ba za ka tsallake rinin bambance bakteriya da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884 ba. Shafa ƙwayoyin siriri a kan gilashi, bari ya bushe da kansa, ka gilma shi ta kan wuta sau biyu ko uku. Zuba shunayyan rini, wato GV ɗin nan da ake shafa wa gyambo, minti ɗaya, ka ɗauraye. Ayodin minti ɗaya, ka ɗauraye. Sai alkohol, daƙiƙa 10 zuwa 15 kacal, ka bi shi da ruwa nan take. Ƙarshe jan rini safranin, kamar minti ɗaya. Mai kaurin bango irin Staphylococcus za ta fito shunayya, a cure kamar inabi; E. coli kuma ruwan hoda, 'yan sanduna.

Wurin alkohol ɗin ne maki ke zubewa. Ka daɗe, komai ya koma ruwan hoda, ka rubuta amsar ƙarya da hannunka. Shafin ya yi kauri, rinin farko ya ƙi fita. Ƙwayoyin da suka wuce awa 24 a farantin da ake renonsu su ma kan ba da launi gauraye, domin bangonsu ya fara lalacewa.

Man da ake ɗigawa wajen dubawa a maikiroskop kuma na idonsa mai 100x ne kaɗai. Ka bari ya taɓa na 40x, hoton zai yi dishi-dishi, mai kula da ɗakin kuma ba zai ji daɗinka ba.