Tambaya da Amsa: Mun yi fim na ban tsoro, mutane suka ɓige da dariya

TAMBAYA: Salam Yaya, ni da abokaina uku ne muka haɗa ɗan gajeren fim na ban tsoro da waya, minti 12, labarin wata fatalwa a wani kango da ke bayan layinmu. Kusan wata guda muna ɗauka, amma da muka kunna wa 'yan gidanmu wallahi dariya kawai suke ta yi, har ƙanwata tana riƙe ciki. Rashin kyamara mai tsada ne ya ja mana ko mu haƙura kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Haƙuri kuma na me? Kyamarar ma ba ruwanta. Ban ga fim ɗin naku ba amma zan iya rantsuwa fatalwar taku wani abokinku ne kuka shafe wa fuska da farar hoda kuka lulluɓa masa zanin gado, sannan kuka haska shi tar tun daga minti na biyu. Toh ai dole ƙanwarka ta yi dariya, ta san mutumin, jiya ma ta ga yana cin tuwo a zauren gidanku.

Cikin duk nau'in finafinai babu wanda yake ɗaga wa talaka ƙafa irin na ban tsoro, saboda tsoro a abin da ba a gani ba yake zaune. Ka tuna tatsuniyar dodo da ake mana muna yara a tsakar gida, wa ya taɓa ganin dodon? Muryar kaka ce kawai da duhu, amma sai ka kasa zuwa banɗaki kai kaɗai. A 2013 wani mutumin ƙasar Suwidin, David F. Sandberg, ya yi gajeren fim mai suna Lights Out wanda bai kai minti 3 ba, a cikin gidansa, matarsa Lotta Losten ce ta fito a ciki. Dabarar ɗaya ce tal: in ta kashe fitila sai ta hango inuwar wani abu a ƙarshen barandar, in ta kunna sai ya ɓace, ta sake kashewa ya matso. Shi ke nan fa. Mutane suka yi ta tura wa juna a intanet har a 2016 aka maida shi babban fim a Amurka kuma shi ɗin ne ya ba da umarni. Ka ga mu da ake ɗauke mana wuta sau biyar a dare ɗaya ai mun fi shi kayan aiki, kawai dai ba mu lura ba ne.

Ƙarfinku kenan, ba furodusa a kanku, ba wanda zai ce sai an sa waƙa da rawa a tsakiya, ga wurare kyauta, tsohon soro, rijiyar da aka daina ɗiba, gindin tsamiya bayan magariba, abubuwan da Bahaushe tun yana yaro gabansa ke faɗuwa in ya ratsa su.

Inda kuke faɗuwa kuwa, kai har da kusan duk masu farawa, sauti ne. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi amma in janareton maƙwabta yana gurnani, babur yana wucewa, iska tana hura mayik, toh tsoro ya tafi kenan ba zai dawo ba. Ku samo waya ta biyu ku ajiye ta kusa da bakin mai magana tana naɗar murya ita kaɗai, kafin kowane ɗauka mutum ɗaya ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ku daidaita murya da hoto wajen editin. Ƙarar ƙyauren kwano, takun silifas a kan siminti, guga tana bugun bangon rijiya, duk ku naɗe su daban da tsakar dare lokacin da unguwa ta yi tsit. Kuma don Allah a rage wannan kiɗan na gwarrr da ake sakawa duk bayan daƙiƙa goma, na farko yana firgitarwa, na uku haushi yake bayarwa. Shiru ya fi shi aiki nesa ba kusa ba.

Sai duhu. Kyamarar waya ba ta son duhun gaske, hoton sai ya cika da tsaki-tsaki kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta karye. Ku ba ta haske guda ɗaya daga gefe, tocila ko fitilar ƙwai, rabin fuska a haske rabi a duhu, sauran duhun ku ƙara shi a CapCut, manhajar editin bidiyo ta waya. Jini kuma ku rabu da tumatirin gwangwani, launin ruwan lemo yake fitowa a hoto, zoɓo mai kauri da aka dafa da sukari da ɗan sitaci ya fi shi kama.

Minti 12 ma ya yi yawa gaskiya. Ina kyautata zaton minti 7 a ciki gaisuwa ce da bayanin wanda ya mutu a gidan shekara nawa. Ku zubar da su, mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, abu ɗaya da bai kamata ya motsa ba amma ya motsa, minti 3 ko 4 ya isa.

Abu biyu da ba na wasa ba: kada ku ɗora labarin maita a kan tsohuwar da ta yi kama da wata a unguwarku, irin wannan zargin yana jawo wa bayin Allah duka da kora, kuma maƙabarta ba wurin ɗaukar fim ba ce. Kangon ma ku nemi izinin mai shi, ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri kafin dare, don mutum huɗu da tocila a kango ƙarfe ɗayan dare, ɗaya sanye da farin zane, ba lallai a tsaya tambayarku sunan fim ɗin ba.

In kun sake ɗauka ku fara gwada shi a kan ita ƙanwar taka, ku kashe fitila ku sa mata iyafis a kunne, kai kuma fuskarta za ka kalla ba wayar ba.