Hukuncin buga Mortal Kombat da sanya shi a shagon gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Unguwar Rogo ne a nan Jos, ina da ɗan shagon gem mai talabijin uku. Kwanan nan na samo tsohon Mortal Kombat, irin wanda muka buga a Sega muna yara, sai ga shi ya fi ƙwallo kawo mini mutane, har da magidanta tsarana. Maƙwabcina ya ce haram nake ci saboda jinin da ke ciki. Sannan a shagon, al'adarmu wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin wasan. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ka damu da halaccin abin da kake kai wa iyalinka.

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, don haka na sa wani ɗalibina ya kunna mini wasan na zauna na kalla. Kamfanin Midway na birnin Cikago a Amurka ne ya fitar da shi a 1992. Mutane na gaske aka ɗauka a bidiyo aka mayar da su 'yan wasan, shi ya sa ya fi na zamaninsa kama da gaske. Mutum biyu ne ke karawa, wanda ya ci zagaye biyu ya yi nasara. Akwai naushi, akwai shuri, akwai karewa, kuma kowane ɗan wasa da makaminsa na ɓoye da ba ya fita sai ka haddace jerin maɓallan: Sub-Zero ya daskarar da kai da ƙanƙara, Scorpion ya jefo mashi mai igiya ya fizgo ka gabansa. Na ga yadda yatsun yaron nan ke rawa, na kuma gane abin da ke jan ku. Gwaninta ce da saurin ido da karanta abokin karawa, ga kuma tuna ƙuruciya.

Wannan ɓangaren ba ni da hujjar haramta shi. Asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya zo. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallo. Ya kuma ce wa sahabinsa Hanzala, "sa'a da sa'a," wato akwai lokacin ibada, akwai na hutu. Na san a Risala an hana ludo irin na da, wato nardu, da shaɗaranji, wato chess, kuma Imamu Malik ya ce babu alheri a shaɗaranji. Amma nardu nassi ne ya ambace shi da sunansa, sauran kuwa ana duba illar da ke cikinsu ne: caca, da shagaltarwa daga salla, da haddasa gaba. Batun hoton da ke motsi a allo kuma, ina tare da malaman da ba su ɗauke shi a matsayin gunki ko zanen hannu ba.

Inda na tsaya na daɗe shi ne ƙarshen faɗan. Abokin karawa ya riga ya sha kashi, yana tsaye yana layi, ba ya iya ɗaga hannu. Sai wata murya ta ce a gama da shi, allon ya yi duhu. A nan Sub-Zero ke tsige kan mutum har da ƙashin bayansa yana reto, wani mai suna Kano ya zura hannu a ƙirji ya ciro zuciya tana bugawa, Scorpion ya cire fuskarsa ya ƙone mutum ƙurmus. Shi ne suke kira fataliti. Bai ƙara wa nasarar komai ba, domin an riga an ci. Ado ne kawai, kuma shi ake yi wa ihu.

Wannan a shari'a sunansa musla, wato wulaƙanta jikin wanda aka kashe. Annabi (SAW) ya hana shi ko a fagen yaƙi da maƙiyi na gaske, kamar yadda ya zo a hadisin Buraida cikin Muslim. Ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a kisa da yanka. Ya ce ba mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Na sani ba rai aka kashe a talabijin ba, ba kuwa zan ɗora wa mai wasa zunubin kisa ba, kuma ban ce duk wanda ya buga zai ɗauki wuƙa ba. Abin da nake tsoro shi ne zuciyar da aka saba mata da tafi a lokacin da ya kamata ta girgiza. Ko a dambe, duk da abin da malamai ke da shi a kansa na dukan fuska da layu, idan mutum ya kai ƙasa an ce an yi kisa, shi ke nan, ba mai ƙara masa ko ɗaya.

Kuma ɗana, a Jos muke. Wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008 da na Janairun 2010, ya san ƙona ɗan Adam ba labarin allo ba ne a wurinmu. Cikin masu shigowa shagonka akwai marayun waɗannan ranaku da 'ya'yansu. Ba na son yaron garin nan ya koyi dariya a kan gawa, ko da ta hoto ce. Su kansu Amurkawan ba su haɗiye abin ba: a Disambar 1993 kwamitin majalisar dattawansu ya zauna a kansa, a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane gem. Kamfanin gem na Nintendo ma cire jinin ya yi daga nasa, a Sega kuwa sai an danna wasu maɓallan sirri yake bayyana.

Akwai kuma Raiden da suke kira allan tsawa. Wannan ƙarya ce ta shirka. Tsawa tasbihi take yi ga Allah, kamar yadda aya ta 13 ta Suratur Ra'ad ta faɗa. Babba ya san tatsuniya ce, yaro ɗan shekara bakwai kuwa sai an gaya masa. Fitowar wasan da suka biyo baya, masu mata da shigar tsiraici da jinin da ya ninka na farko, ka bar su gaba ɗaya.

Saboda haka ga abin da ya rinjaya a wurina. Baligi ya buga tsohon wasan, ba jini, ba fataliti, bai tozarta salla ko haƙƙin iyali ba, wannan ya halatta, barinsa ya fi. Buga shi don jin daɗin tsige kai da ciro zuciya abin ƙi ne mai tsanani, ina hana shi. Sanya wa yaran da ba su balaga ba kuwa bai halatta gare ka ba, domin amana ce iyayensu suka bari ta shigo hannunka. Ba su ƙwallo da tseren mota.

Maƙwabcinka ya hango jini, amma abin da ya fi bayyana a haramci bai ambata ba, shi ne wanda aka cinye ya biya. Kowannensu ya zauna ne tsakanin ya yi wasa kyauta ko ya biya na mutum biyu, kuma wannan ita ce caca da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta, ko da naira hamsin ce. Daga yau kowa ya biya nasa kafin a ɗauki abin bugawa, ko ɗaya ya biya wa ɗan'uwansa don ransa tun ba a san wanda zai ci ba. Kuɗin hayar na'ura da wuta da man janareta halal ne gare ka. Abin da ya wuce cikin rashin sani ka yi istigfari, ba sai ka bi mutane kana mayar musu ba. Idan an kira salla ka kashe talabijin ɗin duka uku, ka ja su ku tafi masallaci tare.

Wallahu a'alam.