Amsa ga Hajiya kan fitilar sola da yakuwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari muryarki. Kin ce tun da aka kafa fitilar sola a tsakar gida, yakuwar da ke ƙarƙashinta sai ganye take yi, ba fure, kuma ƴarki ta nuna miki bidiyon furen orkide da Turawa ke reno da fitila, kina tambaya me ya sa nasu ke yi, naki ya ƙi.

To, kin ga, ganye da hasken rana yake dafa abincinsa, shi da ruwa da iskar karbon, abin da a lakwal muke ce wa fotosantez. Amma girkin nan wuta yake so mai ƙarfi. Ranar Damagaram da tsakar rana tana kai luks 100,000 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Fitilar tsakar gida, in ta yi ƙoƙari, luks ƴan gomomi ne. Ba ta ciyar da shuka, Hajiya. Amma ta isa ta hana ta sanin dare ya yi, kuma nan matsalar take.

Shuka tana auna tsawon dare. Tun 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka gano a kan taba da waken soya cewa tsawon yini da dare yana shafar yin fure. Yakuwa, da waken gargajiya, da maiwa, da dawarmu ta gida, duk jira suke dare ya ƙara tsawo bayan damina kafin su yi fure. Kuma a nan wajenmu bambancin dare mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, amma suna gane shi! Ikon Allah. Ni da idona na gani a gidana a Birni: wake layi ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya na shuka. Wanda ampul ɗin ƙofa ke haskawa ya yi ta yaɗo, kore shar, ba kwaso ko ɗaya. Wanda inuwar katanga ta rufe, shi muka ci. Na yi sati ina zargin taki.

Ita kuwa orkide, irin mai kaurin ganye ɗin nan, lamarinta daban ne, kamar abarba da alobera. Da rana tana rufe ƴan hudojin da ke jikin ganyenta don kada ruwa ya tsere. Sai da dare take buɗe su, ta shaƙi karbon, ta adana shi a matsayin tsami, gari ya waye ta dafa shi da haske. Kin ga ita cefanenta da dare take yi. In haske mai ƙarfi ya kwana a kanta, cefanen ya ragu. Masu renonta da kika gani, fitilarsu mai ƙarfi ce ta musamman, kuma suna kashe ta, awa 12 zuwa 14 kawai take yi.

Ban ce ki kwana cikin duhu ba, na san don tsaro kika sa. Ki sa yaro ya karkatar da fitilar wajen ƙofa, ko a ɗaura mata ɗan kwano ta gefen shukar. In irin mai kunna kanta in ta ji motsi ce, ya fi. Ki yi shi tun daren yau, kuma bayan sati biyu zuwa uku ki duba hammatar ganyen, ki turo mana hoto.